Gwamnati da Jami'a a Malesiya: Yadda Hukuma ta Yanka wa Ilimin Musulunci Mazauni

A ranar 31 ga Agusta 1957, lokacin da Malaya ta karɓi mulkin kanta daga hannun Ingila, babu cikakkiyar jami'a ko ɗaya a cikin iyakokin sabuwar ƙasar. Wadda ake kira Jami'ar Malaya tana tsibirin Singafo ne, an kafa ta a 1949 ta hanyar haɗa kwalejin likitanci da Kwalejin Raffles, kuma da Ingilishi take karantarwa. Sai a 1959 aka buɗe reshenta a Kwala Lamfur, reshen ya tsaya da ƙafarsa a 1962. A yau ƙasar tana da jami'o'in gwamnati 20, ban da masu zaman kansu, kuma ɗaya daga cikinsu, wato Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa, ta yaye ɗalibai daga sassan duniyar Musulmi da yawa, har da 'yan Nijeriya da ke karantarwa yanzu a tsangayoyin shari'a da tattalin arziki. Wannan bunƙasa ba ta tsiro da kanta ba. Kusan kowane mataki nata hukunci ne da aka yanke a majalisar ministoci, saboda wata buƙata ta siyasa ko ta tattalin arziki, sannan aka miƙa wa malamai su aiwatar.

Kafin zuwan jami'a, ilimin addini a wannan yanki yana da nasa gida. Sunansa pondok, kalmar da ake ganin asalinta funduƙ ne na Larabci: malami ya zauna a ƙauye, almajirai su kakkafa bukkoki kewaye da gidansa da masallacinsa, su riƙa bin littattafan fiƙihun Shafi'iyya da tauhidin Ash'ariyya da tasawwufi ɗaya bayan ɗaya. Jihohin arewa, Kelantan da Kedah da Terengganu, su ne cibiyarsa, kuma daga cikin fitattun malamansa akwai Tok Kenali na Kelantan, wanda ya rasu a 1933. Littattafan da Larabci suke, ko da harshen Malay a rubutun Jawi, wato baƙaƙen Larabci da aka yi wa ƙari domin su ɗauki sautukan harshen, kamar dai yadda ajami yake ga Hausa. Wanda ya ƙoshi a pondok sai ya wuce Makka ko Azhar. Abin lura shi ne, babu hannun hukuma a cikin wannan tsari. Zakkar manoman shinkafa da sadakar jama'a ne ke riƙe da malam, shi yake zaɓen littafin da za a karanta, shi yake ba da ijaza. Rauninsa kuwa a fili yake: wanda ya fito daga cikinsa ba shi da takardar da ofis zai karɓa. Domin cike wannan giɓi aka buɗe Kwalejin Musulunci ta Malaya a garin Klang a 1955.

Abin da ya sauya komai shi ne rikicin 13 ga Mayu 1969. Turawa sun bar ƙasa mai al'umma uku: Malayawa Musulmi, kusan rabin jama'a, galibinsu manoma da masunta, Sinawa, fiye da sulusi, masu riƙe da kasuwanci da ma'adinan kuza da biranen ƙasar, sai Indiyawa, kimanin ushiri, da yawansu leburori a gonakin roba. Tun da jami'a da Ingilishi take karantarwa, makarantun Ingilishi kuma a birane suke, 'ya'yan Malayawa sun yi ƙaranci ƙwarai a tsangayoyin likitanci da injiniya da kimiyya. Kwana uku bayan babban zaɓen 10 ga Mayu, faɗan ƙabilanci ya ɓarke a Kwala Lamfur. Alƙaluman hukuma sun ce mutum 196 suka mutu. Aka dakatar da majalisar dokoki, mulki ya koma hannun wata majalisar gudanarwa a ƙarƙashin Tun Abdul Razak, wanda ya zama firaminista a 1970.

Darasin da masu mulki suka ɗauka shi ne, muddin sana'a da arziki suna bin layin ƙabila, ƙasar ba za ta zauna lafiya ba. Daga nan aka fito da Sabuwar Manufar Tattalin Arziki a 1971, mai wa'adin shekara 20. A 1970 hannun jarin Malayawa a kamfanonin ƙasar bai wuce kashi 2.4 cikin 100 ba. Aka ƙudurta ya kai kashi 30 a 1990. To, wanda zai riƙe kamfani sai an karantar da shi, don haka jami'a ta zama babban makamin wannan manufa. A 1971 aka yi wa sashe na 153 na tsarin mulki gyara domin a halatta ware wa bumiputera, wato 'yan asalin ƙasa, kaso na guraben karatu a jami'o'i. Daga baya aka daidaita a kan 55 nasu, 45 na sauran, aka ci gaba a haka har 2002. Aka kuma riƙa buɗe jami'o'i a jere, kowace da aikin da aka yanka mata: ta kimiyya a Penang a 1969, Jami'ar Ƙasa a 1970, ta noma a 1971, sai cibiyar fasaha a 1972 wadda ta zama jami'a a 1975.

Jami'ar Ƙasa ta cancanci a tsaya a kanta. An kafa ta ne domin a nuna cewa harshen Malay zai iya ɗaukar ilimi mai zurfi, ta kuma fara da tsangayoyi uku: kimiyya, adabi da nazarin Musulunci. Ta ukun ta gāji aikin Kwalejin Klang ne. Da wannan, karatun usuluddini da shari'a ya samu digiri, mai digirin ya samu matakin albashi, gwamnati kuma ta samu ma'aikatan da za ta cika ofisoshin addini da kotunan shari'a da azuzuwan makarantu da su. Haka ya faru da cibiyar ilimi mai zurfi ta Nilam Puri, wadda jihar Kelantan ta kafa a 1965 lokacin da jam'iyyar Musulunci ta PAS ke mulkinta. A 1981 Jami'ar Malaya ta haɗiye ta, ta zama makarantar nazarin Musulunci a ƙarƙashin gwamnatin tarayya. Babu wanda ya hana pondok karatu. An dai janye masa ɗalibai ne a hankali, domin uba yana son ɗansa ya san Allah, yana kuma son ya samu aiki.

Manufar harshe ma an tafiyar da ita da ƙarfin doka. Daga 1970 aka fara mayar da makarantun Ingilishi zuwa Malay, aji ɗaya kowace shekara, har abin ya iso shekarar farko ta jami'a a 1983. Da al'ummar Sinawa suka nemi kafa tasu jami'ar, Jami'ar Merdeka, mai karantarwa da harshensu kuma da kuɗinsu, gwamnati ta ƙi, aka je kotu, babbar kotun tarayya ta tabbatar da ƙin a 1982. Hujjarta ita ce jami'a hukuma ce ta jama'a ko wa ya kafa ta, don haka wajibi ne ta yi aiki da harshen ƙasa. A riƙe wannan hukunci, domin shekara guda kacal bayansa gwamnatin da ta yi nasara a shari'ar za ta nemi hanyar kauce masa.

Hannun da ya bayar shi ne ya ɗaure. A 1971 aka zartar da Dokar Jami'o'i da Kwalejojin Jami'a. 'Ya'yan manoma da aka kwaso daga ƙauyuka zuwa birni ba su zauna shiru kamar yadda aka zata ba. Da yawansu sun shiga harkar da'awa, musamman ƙungiyar matasan Musulmi ta ABIM, wadda aka kafa a 1971, Anwar Ibrahim ya zama shugabanta. A Disambar 1974 farashin roba ya faɗi, manoman Baling a jihar Kedah suka fito kan titi saboda yunwa, ɗaliban jami'a suka mara musu baya a Kwala Lamfur. An kama ɗalibai fiye da 1,000, an tsare Anwar fiye da shekara ɗaya da rabi ba tare da shari'a ba. Ministan ilimi a lokacin shi ne Dakta Mahathir Mohamad. A 1975 ya kai gyaran dokar gaban majalisa: aka haramta wa ɗalibi shiga jam'iyya ko nuna goyon baya gare ta, aka rushe ƙungiyoyin ɗalibai aka maye gurbinsu da majalisun wakilai marasa ƙarfi, naɗin shugaban jami'a ya tabbata a hannun minista. Wannan takunkumi ya daɗe. Sai a 2012 aka halatta wa ɗalibai shiga jam'iyya.

A cikin wannan yanayi ne tunanin jami'ar Musulunci ya samu ƙasar da zai sauka. Tunanin kansa daga malamai ya fito. A 1977 Jami'ar Sarki Abdul'aziz ta shirya taron duniya na farko kan ilimin Musulmi a Makka, inda aka yi ta kokawa da rabuwar ilimi gida biyu: makarantar addini da ba ta san zamani ba, da jami'ar zamani da ba ta san wahayi ba. Mutum biyu suka fi tasiri a abin da aka zo ana kira Musuluntar da ilimi. Sayyid Muhammad Naƙib al-Attas, ɗan Malesiya, yana ganin cutar ita ce gushewar ladabi, wato rashin ajiye kowane abu a matsayinsa, maganinta kuma ya fara daga tsarkake ma'anonin manyan kalmomi irin su ilimi da adalci da sa'ada daga abin da falsafar Yamma ta cusa musu. Isma'il Raji al-Faruƙi, Bafalasɗine mazaunin Amurka, ya fi karkata ga aiki mai matakai: a ƙware a fannonin zamani, a ƙware a turasin Musulunci, a auna kowane da ɗan'uwansa, a ƙarshe a fitar da littattafan karatu na jami'a. Hanya ta farko tana buƙatar ɗalibai kaɗan da lokaci mai tsawo. Ta biyu ana iya zuba ta a manhaja, a raba ta zango-zango, a yi mata kasafi. Ba abin mamaki ba ne da ta biyun ta fi shiga ran hukuma.

Mahathir ya zama firaminista a 1981. Yana fuskantar PAS, wadda ke zargin jam'iyyarsa ta UMNO da sakaci da addini, yana kuma fuskantar matasan da'awa da jami'o'in gwamnati suka yaye. A 1982 ya jawo Anwar Ibrahim cikin UMNO, a 1983 kuma aka buɗe cibiyoyi biyu: Bankin Musulunci da Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa. Muhammad Kamal Hassan na cikin waɗanda suka rubuta takardar tsarin jami'ar. Matsalar ita ce harshe. Jami'ar da za ta karɓi ɗalibai daga Afirka da ƙasashen Larabawa ba za ta karantar da Malay ba, alhali dokar 1971 da hukuncin Merdeka sun rufe ƙofa. Sai aka yi mata rajista a ƙarƙashin dokar kamfanoni, aka sa Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta OIC da wasu ƙasashe, irin su Saudiyya da Masar da Pakistan da Turkiyya da Libiya da Bangladash da Maldibs, cikin masu ɗaukar nauyinta. Da haka ta samu damar karantarwa da Ingilishi da Larabci. Masu fiƙihu suna da suna ga irin wannan mafita, kuma sun san saɓanin da ke cikin babinta. Sinawan da aka hana tasu jami'ar shekara guda kafin nan suna da hujjar yin ƙorafi, kuma adalci ya wajabta a faɗi haka.

Jami'ar ta fara da ɗalibai 153 a Petaling Jaya, shugabanta na farko Dakta Muhammad Abdurra'uf, Bamisire ɗan Azhar. Tsangayoyinta na farko biyu ne: shari'a da doka, sai tattalin arziki. Ba a fara da tafsiri ko hadisi a matsayin tsangaya ba. Darussan addini an sa su ne a wata cibiya da kowane ɗalibi zai ratsa. Wannan zaɓi yana bayyana maƙasudin hukuma fiye da kowace sanarwa. Ƙasa ta kafa bankin da ba ya cin riba a 1983, ta yi dokar takaful a 1984, ta gyara tsarin mulki a 1988 domin hana kotunan farar hula shiga hurumin kotunan shari'a. Duk waɗannan suna buƙatar lauyan da ya san dokar Ingila ya kuma san mu'amalat, da masanin kuɗi da zai iya bambance murabaha da bashi mai ruwa. Farfesa Ahmad Ibrahim, wanda tsangayar shari'ar ke ɗauke da sunansa a yau, ya gina manhajar da ta haɗa dokokin biyu a digiri ɗaya. A nan jami'ar ta yi nasara ta haƙiƙa, kuma matsayin da Malesiya ta samu a kasuwar sukuk ta duniya yana da alaƙa da waɗannan ɗalibai.

Sai a 1990, a zamanin shugabanta na biyu, Dakta Abdulhamid Abu Sulaiman na Saudiyya, abokin tafiyar al-Faruƙi, aka buɗe tsangayar ilimin wahayi da ilimomin ɗan Adam. Tsarinta shi ne mai karanta ilimin halayyar ɗan Adam ko siyasa ya haɗa da wani kaso na ilimin wahayi, mai karanta fiƙihu da usulu shi ma ya ɗauki kaso daga ɗaya ɓangaren. Niyya ce mai kyau, ta kuma fitar da mutane masu amfani. Sai dai ajiye darasi biyu a jadawali ɗaya bai zama haɗuwar ilimi biyu a ƙwaƙwalwa ɗaya ba. Ingilishi ne ya rinjayi harabar jami'ar, Larabci ya taƙaita ga sassan shari'a da wahayi, kuma wanda bai iya karanta Muwafaƙat na Shaɗibi da kansa ba, da wuya ya auna ka'idojin tattalin arzikin zamani da ma'aunin maƙasid. Iyakarsa ya ɗauko ka'idar yadda take ya yi mata ado da aya. Al-Attas kuwa ya kafa tasa cibiyar ta nazarin tunani da wayewar Musulunci a 1987, da ɗakin karatu mai tarin rubuce-rubucen hannu, da 'yancin gudanar da kanta.

Idan ana son ganin nauyin baitulmali a wannan tarihi, a dubi 'yan'uwan wannan jami'a a Afirka. Taron ƙolin ƙasashen Musulmi na Lahor a 1974 ne ya yanke shawarar kafa jami'o'in Musulunci biyu, ɗaya a Nijar ɗaya a Yuganda. Ta garin Say ba ta fara aiki ba sai a tsakiyar shekarun 1980, ta Mbale kuma a 1988, kuma dukansu sun daɗe suna dogaro da gudummawar da ke zuwa daga waje. Ta Malesiya, duk da sunayen ƙasashen da ke jikin takardunta, gwamnatin Malesiya ce ke biyan mafi yawan kuɗinta, ita ta gina mata babban mazauni a Gombak, daga baya aka ƙara da tsangayar likitanci a Kuwantan. Ƙasar da tattalin arzikinta ke haɓaka da sauri, daga roba da kuza zuwa man fetur da manja da kayan lantarki, tana da abin da za ta kashe.

Farashin wannan gata ya bayyana a 1998. Anwar Ibrahim ya kasance shugaban majalisar jami'ar tun 1988, yana ministan ilimi, daga baya ministan kuɗi kuma mataimakin firaminista. A ranar 2 ga Satumba 1998, ana tsakiyar rikicin kuɗi na Asiya, Mahathir ya kore shi, aka kama shi, kujerarsa ta jami'a ta tafi tare da sauran. Ba da jimawa ba Abu Sulaiman ya bar ƙasar, Kamal Hassan ya gaje shi. A 2002 cibiyar al-Attas ta rasa 'yancinta, aka mayar da ita sashe a cikin jami'ar, shi kuma ya bar ta. A daidai wannan lokaci gwamnati ta yanke tallafin da take ba makarantun addini na al'umma, bisa zargin cewa sun zama wurin renon 'yan adawa, aka kuma wajabta wa malaman jami'a da ɗalibai sa hannu a takardar alkawarin biyayya.

Wannan ba baƙon abu ba ne a tarihin Musulmi. Nizamul Mulki bai gina Nizamiyyar Bagadaza, wadda aka buɗe a 459 bayan Hijira, domin ilimi tsagwaronsa ba. Yana son alƙalai da masu wa'azi na Shafi'iyya da za su tsaya wa daular Saljuƙawa a gaban da'awar Isma'iliyya. Imam Gazali ya hau kujerarta a 484, ya bar ta a 488, ya yi alkawarin ba zai ƙara karɓar kuɗin sarki ba, sannan bayan kimanin shekara 11 ya koma karantarwa a Nizamiyyar Naisabur da matsin waziri Fakhrul Mulki. Bambancin shi ne, madarasa ta dā tana da waƙafi wanda sharaɗinsa ke ɗaure har wanda ya yi shi, jami'ar zamani kuwa kasafinta ana sabunta shi ne kowace shekara.

Daga tsakiyar shekarun 1990 manufar gwamnati ta sake juyawa. Burin da Mahathir ya shelanta a 1991, na mayar da Malesiya ƙasa mai ci gaba kafin 2020, yana buƙatar ma'aikata fiye da abin da jami'o'in gwamnati za su iya yayewa, kuma kuɗin da ɗalibai ke fita da shi zuwa Ingila da Ostareliya ya yi yawa. A 1996 aka yi dokar da ta halatta jami'o'i masu zaman kansu, abin da aka ƙi a 1982. Jami'ar Monash ta Ostareliya ta buɗe reshe a 1998, Nottingham ta Ingila a 2000, duka da Ingilishi. Ilimi ya zama haja da ake sayar wa ɗaliban waje, kasancewar ƙasar ta Musulmi ce kuma ya zama abin talla ga iyaye a Gabas ta Tsakiya da Afirka, musamman bayan 2001 da samun bizar ƙasashen Yamma ya yi wuya.

Tare da kasuwa sai ma'aunin kasuwa ya shigo. A 2004 wani jadawalin jami'o'in duniya da ake bugawa a Ingila ya sa Jami'ar Malaya ta 89, aka yi murna. A 2005 ta faɗo ta 169, aka yi ta cece-kuce har a majalisa. Daga baya ta bayyana cewa a shekarar farko masu lissafin sun ƙirga Sinawa da Indiyawa 'yan ƙasa a matsayin ɗaliban waje. Duk da haka jadawalin ya zama alƙibla. Aka ware wasu jami'o'i a matsayin na bincike, aka ɗaura ƙarin girman malami da yawan maƙalun da ya buga a mujallun da manyan rumbunan Turai suka amince da su. Malamin kimiyya bai sha wahala da wannan ba. Malamin hadisi ko usulul fiƙhi, wanda aikinsa na shekara biyar zai iya zama tahƙiƙin littafi guda da Larabci ko da Jawi, ya tarar ma'aunin ba ya ganin aikinsa, sai da yawa suka koma rubuta gajerun maƙalu da Ingilishi a kan kuɗin Musulunci da masana'antar halal, inda tallafin bincike yake.

Da farashin man fetur ya faɗi, gwamnati ta zaftare kasafin jami'o'inta a 2016 da 2017, ta umarce su da su nemi wani kaso na kuɗinsu da kansu, ta kuma ambaci waƙafi cikin hanyoyin da za su bi. Jami'ar Musulunci ta riga ta kafa asusun gudummawa tun 1999 domin tallafa wa ɗalibanta marasa ƙarfi, wasu jami'o'in suka biyo baya da asusun waƙafi. A nan ma suka tarar da doka tana jiransu: a tsarin mulkin Malesiya sha'anin addini na jihohi ne, kuma majalisar addinin Musulunci ta kowace jiha, wadda ke ƙarƙashin sarkin jihar a inda ake da sarki, ita kaɗai ce amintacciyar da doka ta sani a kan duk wani waƙafi. Jami'ar da ke son ta karɓi waƙafi ta juya shi sai ta nemi wannan majalisa ta naɗa ta mutawalli, bisa sharuɗɗan da majalisar ta gindaya.